Kafireto ko Injekta: Wane Ne Ke Ba Babur Mai Taya Huɗu Ƙarfi?

Wasiƙun da suka shigo filin Tambayi Makanike a wannan karon kusan duk a kan baburan tsere masu taya huɗu suke, kuma gardama ɗaya ce ke ta dawowa da kaya daban-daban: tsakanin kafireto da injekta, na'urori biyun da ke ba inji mai, wanne ya fi ba da ƙarfi. Na zaɓi biyar, na ɗan rage tsawon wasu.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da Honda TRX450R ƙirar 2008, mai kafireto. Abokina ya sayi Yamaha YFZ450R mai injekta, tun daga ranar ya hana ni sakat. Wai nawa tsohon yayi ne, wai injekta kaɗai tana ƙara wa inji ƙarfin doki biyar ko fiye. Muna yawan gwadawa a fili, wani lokaci ya wuce ni, wani lokaci in wuce shi. Gaskiya yake faɗa? In sayar da nawa in sayi irin nasa?

Amsa: Wa alaikumus salam. In dai wannan ne kaɗai dalilin, ɗan'uwa, riƙe babur ɗinka. Ai kai da kanka ka kawo hujjar: yau ya wuce ka, gobe ka wuce shi. Da akwai doki biyar a tsakaninku, da kullum ƙurarsa za ka riƙa sha.

Fetur ba ya ci sai da iska, kuma iskar ce mai wuyar samu. Kafin fetur giram ɗaya ya ƙone ƙurmus yana bukatar iska giram 14.7. Injin da ake so ya ba da iyakar ƙarfinsa akan ɗan ƙara masa mai, a tsaya wajen 12.5 zuwa 13 na iska a kan ɗaya na fetur. Zuba mai ba wahala. Abin da ke yi wa ƙarfi iyaka shi ne yawan iskar da silinda ke iya zuƙa a kowane zagaye, da saurin da yake fitar da hayaƙi. Wannan kuwa ya rataya ne a kan girman silinda, da faɗin bawul, da yankan kamshaf, da hanyoyin cikin tof (wato kan silinda), da matsin fistan, da salansa. Kafireto da injekta duk masu awo ne. Aikinsu su ba iskar da ta shigo man da ya dace da ita. In dukansu biyu sun auna daidai, fistan bai san wanda ya auna ba.

Bambancinsu yana wajen yadda suke awon. Kafireto yana da maƙogwaro wanda ya tsuke a tsakiya. Iska na isa wurin sai ta ƙara gudu, matsinta ya ragu, ta tsotso mai daga kofin da ke ƙasa ta wasu ƙananan ramuka da ake kira jet. Jet ɗin silo shi ke riƙe da inji daga silo zuwa wajen kwata na totur. Daga nan allura ta karɓa har wajen kashi uku cikin huɗu. Babban jet ya ɗauki sauran. Irin kafireton da ke kan babur ɗinka, Keihin FCR, har ɗan famfo gare shi da ke tsarto mai da zarar ka danna totur da ƙarfi, don kada inji ya shaƙe. Ba wuta, ba waya, iska da tagulla ne kawai.

Injekta kuwa famfon lantarki ne ke matso mai da ƙarfin da ya kai wajen bar 3 a ma'aunin matsi. Ƙaramar kwamfuta tana karɓar labari daga sansoshi: nawa aka buɗe totur, inji yana juyi nawa, matsin iska nawa ne, zafinta nawa, zafin ruwan lagireto nawa. Sai ta duba jadawalin da kamfani ya rubuta mata, ta buɗe nozul na ɗan ƙiftawar ido, ta rufe. Haka take yi a kowane zagaye.

Akwai wuri ɗaya da zan ba abokinka gaskiya. Kafireto dole maƙogwaronsa ya tsuke, in ba haka ba ba zai iya tsotso mai ba, kuma tsukewar nan tana ɗan tare wa iska hanya. In ka sa babba don ya buɗe a sama, sai ya yi nauyi a ƙasa. Injekta ba ta da wannan matsalar tunda famfo ne ke tura man, don haka ana iya faɗaɗa mata bututu. Tsohon YFZ450 na 2004 kafireto mai milimita 39 gare shi, YFZ450R da ya fito a 2009 kuwa bututunsa milimita 42 ne. Ribar tana nan, amma ƙarama ce, kuma tana can ƙurewar totur inda mafi yawan mahaya ba sa daɗewa.

To daga ina maganar doki biyar ta samo asali? Daga yadda kamfanoni ke sauya kaya da yawa a lokaci guda, mutane kuma su riƙe wanda ya fi daɗin faɗa. Dubi Yamaha Raptor. Na farko, 660R, ya fito a 2001 da kafireto biyu da bawul biyar. A 2006 aka kawo 700R mai injekta, kowa ya hau ya ji ya fi ja, aka ce aikin injekta ne. Alhali an faɗaɗa silinda daga milimita 100 zuwa 102, girman injin ya tashi daga cc 660 ya koma cc 686, an sake tof ɗin gaba ɗaya ya koma bawul huɗu, an sake firam. Haka shi ma YFZ450R: ya fi tsohon faɗi, an sauya masa firam da shokoba. Wanda ya fi ka sauri a kwana a kan irinsa, faɗin nan ne ya taimake shi, nozul ba ruwanta.

In kana son abin da za ka rufe wa abokin naka baki da shi, ga shi. Honda ba ta taɓa sa wa TRX450R injekta ba tun daga 2004 har ta daina ƙera shi. Chad Wienen ya ci gasar tseren waɗannan baburan ta ƙasar Amurka sau biyar a jere, daga 2012 zuwa 2016, a kan YFZ450R. Wanda ya karɓe kambin a 2017, Joel Hetrick, a kan TRX450R ya yi, ya kuma sake a 2019. Na san baburan 'yan gasa an taɓa kusan komai a jikinsu, ba irin na kanti ba ne. Duk da haka ya isa ya nuna maka ba a raba gardamar nan da sunan na'urar da ke ba da mai.

Abin da abokinka ya fi ka da shi na gaskiya shi ne babur ɗinsa ɗaya yake da asuba da tsakar rana, a kwari da kan tudu, ya tashi da dannawa ɗaya ba sai an ja cok ba. Naka yana da ranar da yake daidai cif, yana da ranar da ya ɗan kauce. Wannan abin so ne, ni ma ina son sa. Amma sunansa sauƙi, ba ƙarin doki ba.

Nan gaba in kun fita, ku yi musayar babur ku sake gwadawa. Sau da yawa wanda ke cin tseren shi ke ci ko a kan wanne ya hau. Ku kuma duba iskar taya da yawan haƙoran siroket kafin ku ɗora wa inji laifi.

Tambaya: Malam, muna hawa duwatsu da baburanmu. Ni Suzuki LT-Z400 gare ni, na kafireto. Da mun yi nisa sama sai ya fara tari, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi baƙi ƙirin. Masu injekta a cikinmu ba sa wannan. Sun ce su ƙarfinsu ba ya raguwa ko kaɗan. Haka ne?

Amsa: Rabin maganarsu gaskiya ne. Ba sa tari, wannan haka ne. Amma cewa ƙarfinsu ba ya raguwa, a'a. Duk injin da ba shi da turbo yana rasa wajen kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 100 da aka hau. A tsayin mita 3,000 nauyin iska bai wuce kashi 74 cikin ɗari na wadda ke bakin teku ba. Kwamfuta ba ta ƙirƙirar iska. Abin da take yi shi ne ta ji matsin ya ragu, ta rage mai daidai da shi.

Kai asara biyu kake yi. Ta farko irin tasu ce, ƙarancin iska. Ta biyu taka ce kai kaɗai: kafireto bai san an hau dutse ba. Yana rage man da yake tsotsowa, amma ba daidai da yadda iskar ta ragu ba. Babur ɗin da aka saita a ƙasa a kan 13 na iska bisa ɗaya na mai, kafin ya kai mita 3,000 ya gangaro kusa da 11. Mai ya yi wa wuta yawa ke nan, shi ne tarin da baƙin fulogin da kake gani. Zafi ma haka yake yi a ƙaramin mataki: tsakanin sanyin digiri 10 da zafin digiri 40 nauyin iska yana raguwa da wajen kashi goma cikin ɗari.

Nan ne injekta ta ci kuɗinta, ba ni da ja. Shekarun da aka yi tseren Dakar a Kudancin Amurka, daga 2009 zuwa 2019, mahaya kan tashi daga rairayin bakin teku su tsallaka duwatsun Andes ta mashigai da suka haura mita 4,000. Raptor 700 ne ya mamaye rukunin masu taya huɗu, a hannun irin su 'yan'uwan nan biyu na Ajantina, Marcos da Alejandro Patronelli, da Ignacio Casale na Chile. Mutumin da agogo ke bin sa ba shi da lokacin tsayawa ya kwance kofin kafireto a kan dutse.

Kai da ba tsere kake ba, maganinka mai sauƙi ne. In a can sama kake yawan yini, rage babban jet da mataki ɗaya ko biyu, ka sauke allura in irin mai gaɓa-gaɓa ce, ka ɗan rage mai a sukurun silo. Littafin babur ɗinka ya fi ni sanin lambar da ta dace. Sai dai ka riƙe wannan da kyau: ranar da ka sauko, ka mayar da jet ɗin da ka cire. Saitin dutse a ƙasa ƙarancin mai ne, kuma ƙarancin mai ya fi yawansa haɗari nesa ba kusa ba. Yawan mai fulogi yake ɓatawa. Ƙarancinsa fistan yake ci.

Af, LT-Z400 ɗin ma Suzuki ta mayar da shi injekta daga 2009.

Tambaya: Ranka ya daɗe, Raptor 700 nake hawa. Na sa masa salansar tsere, na cire murfin akwatin iska don ya yi numfashi. Ƙara kam ta ƙaru, amma yanzu in na saki totur sai ya riƙa harbi ta baya, bututun salansa yana yin ja da dare, fanka ba ta hutawa. Na zaci kwamfutar za ta daidaita kanta.

Amsa: Wannan zaton ya cinye injuna da yawa, kuma laifin mota ne. A mota akwai sansa a cikin salansa da ke shinshina hayaƙi ta gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta gyara. Yawancin baburan tsere masu taya huɗu ba su da wannan sansar. Kwamfutarsu tana gyara don tsayin wuri da zafin gari, amma jadawalinta an rubuta shi ne a kan salansar kamfani da akwatin iska a rufe. Ka buɗe gaba, ka buɗe baya, iska ta ƙaru, ita kuwa tana nan tana ba da man jiya. Kuma dama kamfani ya ɗan matse man tun farko saboda dokokin hayaƙi, don haka ba wani rara da za ka ci.

Alamun da ka lissafa duk na ƙarancin mai ne. Ka dakata da gudu mai tsawo a cikakken totur har sai ka gyara. Da farko duba inda bututun salansa ya haɗu da tof, domin gasket ɗin wurin in yana shan iska shi kaɗai ya isa ya kawo harbin. In wurin lafiya lau ne, kana bukatar ƙaramar na'urar da ake jonawa tsakanin kwamfuta da nozul don ƙara mai, irin su Power Commander na kamfanin Dynojet, ko kuma a sake rubuta jadawalin kwamfutar kanta. Mafi kyau a yi saitin a kan na'urar gwajin ƙarfi, da sansa a bakin salansa, ana ganin lamba. Jadawalin da wani ya turo maka ta intanet an yi shi ne don babur ɗinsa.

Ka lura da abin da ya faru a nan, domin ya koma kan tambayar farko. Ƙarin ƙarfin da za ka samu in an gama, daga salansa da akwatin iska ya fito. Na'urar man tana biyo baya ne ta cike gurbi. Mai kafireto da ya yi irin aikinka shi ma haka zai yi, sai dai shi da jet ɗin tagulla da sukundireba zai yi nasa. Suzuki LT-R450 na 2006, wanda ya riga sauran manyan kamfanonin Japan kawo injekta a ajin 450, shi ma a toshe ya fito daga kamfani. Sai an buɗe masa iska da salansa an sauya masa jadawali yake nuna halinsa.

Murfin akwatin da ka cire kuwa, in a ƙura kake hawa, ni da ka mayar da shi ko ka nemi mai ramuka da raga. Dokin da ka samu bai kai kuɗin ringi da bawul da yashi zai ci ba.

Tambaya: Malam, na gaji Yamaha Banshee daga yayana. Ya yi watanni a ajiye. Yanzu ba ya tsayawa sai da cok, da na mayar da cok ya mutu. Wani ya ce ciwon masu kafireto ke nan, gara in rabu da shi.

Amsa: Banshee? Kada ka kuskura. Injin cc 347 ne mai silinda biyu, irin mai bugu biyu, kowane silinda da kafiretonsa na Mikuni mai milimita 26. An sayar da shi a Amurka daga 1987 zuwa 2006, dokar hayaƙi ce ta kore shi daga can, ba gazawa ba. Har yau a kan rairayi masu injekta da yawa bayansa suke kallo.

Ciwonsa tsohon mai ne. Fetur in ya kwana biyu a kofin kafireto sai mai sauƙin ya tashi ya bar danƙo, kuma wanda aka gauraya da etanol yana jan ruwa daga iska. Ramin jet ɗin silo siriri ne ƙwarai, shi ke fara toshewa, shi ya sa injin ke rayuwa da man cok kawai. Zubar da man tanki. Kwance kafireton biyu, cire jet-jet ɗin, wanke su da maganin wanke kafireto, hura musu iska har ka hango haske ta cikinsu. Kada ka zura musu allurar ƙarfe, za ka faɗaɗa ramin ka ɓata awon. Wajen mayarwa kada ka musanya kofunan biyu ko silaid ɗin da totur ke ɗagawa, na hagu daban na dama daban, kuma ka tabbata ɗan tiyon cok da ya haɗa su yana wurinsa. Sai ka saita su su riƙa ɗagawa tare. In ɗaya ya toshe ɗaya yana aiki, silinda guda zai yi ta gudu da ƙarancin mai, a inji mai bugu biyu kuwa ƙarancin mai ƙarancin baƙin mai ne, tunda tare suke shiga.

Daga yau in za ka ajiye shi, rufe makunnin mai, ka kwance sukurun ƙasan kowane kofi man ya tsiyaye.

Wanda ya ba ka shawarar bai gaya maka cewa tsohon mai yana kashe famfon injekta shi ma ba. Bambancin kawai, naka da yammaci ɗaya za ka gyara shi da hannunka, nasa sai an sayo sabo.

Tambaya: Zan iya cire kafireton Honda TRX400EX ɗina in sa masa injekta? Ina yawan tafiya mai nisa cikin daji ni kaɗai, ina son wanda ba zai yashe ni a hanya ba.

Amsa: Ana iyawa, amma ban ba ka shawara ba. Sai ka nemo famfo, da wurin zamansa a tanki ko a waje, da bututu mai nozul, da sansoshi, da kwamfuta, da wayoyi, sannan ka tabbata kwayil ɗin cajin zai iya ɗaukar nauyinsu duka. Bayan haka wani ya zauna ya rubuta jadawali tun daga farko, domin babu na kamfani. In an gama, injin nan mai sanyaya kansa da iska yana nan yadda yake, ƙarfinsa bai wuce na da ba sai da ɗan abin da ba za ka ji ba.

Ga mai shiga daji shi kaɗai ma, abin da ke hannunka ya fi dacewa. Injekta ba ta cika lalacewa ba, gaskiya ne, amma ranar da famfo ya tsaya ko waya ta tsinke ko batir ya mutu murus, ba abin da za ka yi mata a gindin bishiya. Kafireto yakan yi ƙorafi kafin ya tsaya, kuma mai yana gangaro masa daga tanki da kansa ba tare da wuta ba. In ruwa ya shiga, ka kwance sukuru ɗaya ka tsiyaye shi. In batir ya ƙi, a tura ka ko ka gangara tudu a giya biyu ka saki kuloci.

Kuɗin da za ka kashe a wannan aikin ka sa ƙaramar matatar mai a tiyo, ka sayi matatar iska ta biyu don ka riƙa musanyawa, ka sa a duba maka gibin bawul. A jakar baya ka riƙe fulogi sabo da sifanarsa, da sukundireba mai baki biyu, da jet ɗin silo guda ɗaya a ƙulle cikin leda. Kuma kafin ka fita ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata a gan ka.